Bappana, Mai Yi wa Littafi Shari'a

Wanda ya ba mu aron Bappa ya karɓi abinsa da hantsin wata Talata, kuma can ɗin duk za mu je. Sai dai ko labarin rasuwar tasa ba a karɓe shi da sauƙi a unguwar Sarkin Dawaki ba. Maƙwabcinsa na jikin katanga, wani dattijo Mumuye, Kirista, wanda ya yi masinja a kotun da Bappa ya yi tafinta, da aka je aka gaya masa, cewa ya yi a dakata tukuna. Ya tambayi mai kawo labarin ko da idonsa ya gani, ko shi ma ji ya yi. Ya ɗauki sandarsa ya shiga har ɗaki ya duba, sannan ya fito ya zauna a dakali ya ɗora hannu biyu a ka. Da aka ce masa ai wannan rashin kara ne, sai ya ce mamacin ne ya koya masa, shekara da shekaru yana hana shi karɓar magana daga baki ɗaya.

Kwana ukun zaman makoki duk haka suka tafi. Kowa ya zo zai ce mutumin kirki ne, sai kuma labari ya biyo. Mai naman bakin titi ya ce bai taɓa miƙa wa Bappa tsoka ba tare da an sa shi ya juya ta an ga ƙarƙashinta ba. Liman ya ce Allah ya jiƙan mai gaskiya, ya yi gyaran murya, ya ƙara da cewa sau biyu Bappa yana tare shi bayan salla ya ce ya nuna masa a littafi inda ya samo abin da ya faɗa. Matarsa, wadda muke kira Dada, ta ce tun tana amarya yake tambayarta abin da ta sa a miya, alhali yana zaune yana kallo ta sa. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, aka riƙe ta. Babana, wanda shi ne ƙanensa, abu ɗaya ya ce, wai yaya ya huta da zargin duniya.

Ni ina gefe cikin mata ina cika ina batsewa. Na ga alamar nan da shekara guda abin da zai rage na Bappa shi ne labarin ban dariya, tsohon da bai yarda da kowa ba. To ba ƙarya suka yi ba, bai yarda ɗin ba. Amma ni na zauna a gabansa shekara biyar da littafi a hannu, na san abin da zargin nan yake yi, kuma akwai wata magana tsakanina da shi da ban taɓa gaya wa ko Dada ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bappa yayan mahaifina ne. Aikinsa tafinta, yana juya maganar mai ƙara da wanda ake ƙara tsakanin Fulatanci, Hausa, Mumuye, ɗan Jukunanci, da wani irin Turanci na kotu mai nauyi da ba a jin sa a bakin kowa sai shi. Ya yi ritaya daidai lokacin da aka yanko mana jihar Taraba, Jalingo ta cika da ma'aikata daga Yola da katifu da fayil-fayil. Ko jihar ma bai yarda an ba mu ba. Rediyo uku ya saurara suka faɗa, ya ce ai duk daga baki ɗaya suka ɗauko. Sai da ya taka da ƙafarsa ya ga an sauya allon ofisoshi sannan ya ce to, da alama.

Abin da ya kai ni wurinsa faɗuwa ce. Ina ƙaramar sakandare, darasin auna fahimta na Turanci ya zame min ƙarfen ƙafa. A ba ka ɗan labari ka karanta, a yi maka tambaya biyar, ni sai in kwafo duk layin da na ga kalmar tambayar a ciki in zuba. Babana ɗan kasuwar hatsi ne, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Ya ce kullum bayan la'asar in taka daga unguwarmu ta Barade in je wurin yayansa, tunda yana zaune ba abin da yake yi sai tuhumar mutane.

Ranar farko na miƙa masa littafin ya ƙi karɓa. Ya ce shaida da bakinsa yake magana, in karanta da ƙarfi. Ya sa na ajiye biro can nesa da tabarma, ya ce a gabansa ba a rubutu, sai na koma gida in rubuta abin da ya zauna min a kai. Wannan doka ba ta taɓa sauyawa ba. Da na gama karantawa ya ce in juya masa da Hausa, irin wadda mai tallan doya zai gane. Nan na fara kame-kame. Ya ce ashe ba karatu nake yi ba, ƙara nake fitarwa kawai. Sai da na juya labarin sau uku sannan ya gyara zama a gindin mangwaronsa ya fara abin da ya fi so a duniya, wato tuhumar mai ba da labari. Wa ke magana a nan? Yana wurin da abin ya faru? In an yarda da shi me zai ci? Ni dai a da na ɗauka duk abin da aka buga a littafi an gama da shi.

Ban daɗe ba na sha sifiri na farko saboda shi. An ba mu labarin wani manomi da ya makara zuwa kasuwa, ya ce rafi ne ya cika ya hana shi ƙetarewa. Tambaya ita ce me ya sa manomin ya makara. Bappa ya ce in koma layin farko. Na koma, sai ga shi an ce ƙasa ta bushe har ta tsage. Ya ɗaga min gira. Ni kuwa na koma gida da rawar jiki na rubuta cewa manomin maƙaryaci ne, ba wani rafi da ya cika. Malami ya ja min jan biro tun daga sama har ƙasa. Na kawo wa Bappa ina huci, ina jira ya ce malamin bai san aikinsa ba. Sai ya ce malamin ya yi daidai. Wai an tambaye ni abin da shaida ya faɗa, ni kuma na hau kujerar alƙali ba a gayyace ni ba. Tafinta, in ji shi, yakan fara faɗin abin da mutum ya ce ne, ba ƙari ba ragi, ko da ya san ƙarya ce. Shakkarsa kuma ya riƙe ta a aljihu har sai an tambaye shi. Adabi ne wurin da ake tambayar mutum shakkarsa, auna fahimta ba haka ba. Daga ranar makina suka fara tashi.

Sai dai abin ya bi ni gida. Wata rana mamata tana ba da labarin abin da wata maƙwabciya ta yi a gidan biki, bakina ya suɓuce na ce, kina wurin? Muciya ce a hannunta, Allah ya sa na iya kaucewa. Babana ya tashi takanas ya je ya sami Bappa, ya ce an aiko masa yarinya ya koya mata Turanci, ya mayar da ita ɗan sanda. Bappa ya bari ya gama tsaf, ya tambaye shi ko yana nan lokacin da na faɗa, ko matarsa ce ta gaya masa. Wata biyu ba su yi magana ba sai gaisuwar masallaci. Ni dai ba a hana ni zuwa ba, domin sakamakon zango ya fito kuma Babana ya iya karanta lamba.

Kada a ce mugu ne. Tsohon masinjan nan ya gaya min a wurin makoki cewa akwai ranar da aka kusa raba wata tsohuwa da gonarta, domin ta ruɗe a gaban alƙali tana ta cewa e ga duk abin da aka tambaye ta. Bappa ya ce shi bai yarda da wannan e ɗin ba, ya roƙi kotu a bari ya sake tambayarta a hankali da harshenta. Ashe ba ta ma gane abin da ake so ta amsa ba. Dattijon ya share ido ya ce, mutumin nan ta wahalar da ni, amma ba ta cuci kowa ba. Hausarsa ke nan, kuma na fahimce shi sarai.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye.

Ina ajin ƙarshe aka ɗora mana wani ɗan littafi a darasin adabi. Labarin wani mutum ne da ya dawo ƙauyensu bayan shekaru a birni, yana ba da labari da bakinsa yadda ƙanensa ya cinye gonar gado. Malamar adabi, wata Bajukuna mai tabarau da ba ta wasa, ta ce kowa ya rubuto sharhi a kan halin ƙanen. Ta kuma ja kunne cewa makaranta ta gaji da satar amsa, duk wanda aka kama a wannan aiki za a cire sunansa daga jerin masu zana jarrabawar fita. Ni kuma Babana ya riga ya faɗa min tun farkon shekara, sau ɗaya zai tsaya min, in na rasa bana, ga rumfar kwanukan mamata can a kasuwa tana jira. Ba barazana ba ce, akwai ƙanne huɗu a bayana.

Mako biyu ina karanta wa Bappa littafin babi-babi. 'Yan ajinmu duk sun gama yanke hukunci, ƙane azzalumi ne mai haɗama. Bappa ya ce in nuna masa shafi ɗaya da ƙanen ya buɗe baki ya kare kansa. Na duba, babu. Ya ce wa ya ciyar da uwarsu duk shekarun da mai labarin yake birni? Na duba, a wani lungu an ce ƙanen ne ke kai mata hatsi. Haka muka yi ta tono. Ranar ƙarshe abin ya motsa shi, ina jin ya tuna wata shari'a ce, ya miƙe zaune ya zuba magana da Turancin nan nasa na kotu, jimla biyar ko shida, a kan wanda aka yanke wa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba. Na ce ina jin ƙishirwa, na shiga madafar Dada, na zaro guntun fensir da na ɓoye a bakin mayafi, na rubuta maganar tasa kaf a bayan bangon littafi. Da na koma gida na rubuta sharhina shafi uku da kaina, sannan na manna nasa a ƙarshe. Sata na yi, kuma na san sata ce tun ina yi.

Malama ta gano tun ba a je ko'ina ba. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ba ta rubuta "ɗan'uwan da aka ambata a sama" ko "ba a ba wanda ake tuhuma damar kare kansa ba". Ta zagaye sakin layin da ja, ta kira ni ofis. Da farko ta zargi ƙananan littattafan amsa da ake sayarwa a kasuwa, ta zazzage jakata ba ta sami komai ba. Sai ta sauke tabarau ta tambaye ni ko akwai wani ma'aikaci cikin baƙin da suka cika gari da yake yi min rubutu, kuma me nake ba shi. Wannan ta fi ƙona ni, domin in ta kai kunnen Babana ba jarrabawa kaɗai zan rasa ba. Na rantse ba kowa. Firinsifal ya ce zuwa Juma'a in kawo babba daga gida a warware, in ba haka ba sunana ya fita.

Ban iya tunkarar Babana ba. Na je wurin Bappa da rabin magana, na ce ana zargina da kwafe. Ya ce ina takardar, na ce tana hannun Malama. Ya sa na maimaita labarin sau uku kamar yadda ya saba, ni kuwa na yi bita a hanya, ban yi tuntuɓe ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai je. Lissafina shi ne ko dai ba zai gane maganarsa ba, ko in ya gane ya rufa min asiri. Ai 'yar ƙanensa ce ni.

Ranar Juma'a da safe ya fito da tsohon kwat ɗinsa na kotu a kan kaftani, ga zafi tun da wuri. A ofis Malama ta bi shi da kallo daga hula har takalmi, na ga ita ma shi take zargi, ko hayarsa na yi. Ta ce, Baba, wannan yarinya 'yarka ne? Ya ce 'yar ƙanensa ce, uwa ɗaya uba ɗaya da ubanta. Ya nemi a karanta masa sharhin duka da ƙarfi. Malama ta fara, ya rufe ido ya haɗe hannu a kan sanda. Shafi uku suka wuce bai motsa ba. Tana shiga sakin layi na ƙarshe ya ɗaga hannu.

"Daga nan zuwa ƙarshe maganata ce," in ji shi. "Ni na faɗe ta a gidana. Ban ba ta ba, ban kuma san ta ɗauka ba. Na saman, tare muka tattauna, amma ban taɓa jin sa a wannan tsari ba."

Firinsifal ya jawo takardar sunaye ya cire murfin biro. Malama ta ce in ƙarshen nasa ne, da me za a gane farkon ba nasa ba ne? Ina tsammanin nan Bappa zai tsaya min, sai na ji ya ce tana da gaskiya, shi ma da a kujerarta yake ba zai yarda ba. Wallahi a lokacin da za a ba ni dama da na shaƙe shi da kwat ɗin nan.

Sai ya ce yana da roƙo guda. A ba ni abin da ni da shi ba mu taɓa gani ba, a fitar da shi daga makarantar, Malama ta zauna a kaina in rubuta. In na kasa, a cire sunan, shi zai je ya gaya wa ƙanensa da bakinsa. Firinsifal ya dubi Malama, ita kuma ta buɗe durowarta ta zaro wata takarda. Aka ce Bappa ya zauna a baranda, ya ƙi, ya ce akwai taga kusa, gobe a ce raɗa ya yi. Ya taka har wajen ƙofar makaranta ya zauna a kan dutse cikin rana.

Wasiƙa ce aka ba ni, ta wani mutum da yake bayyana dalilin barin aikinsa, yana ɗora laifi a kan abokin aikinsa. Malama ta duba tafin hannuna da bakin mayafina kafin ta ba ni biro. Awa guda na yi ina rubutu, hawaye na ɗiga, na haushi ne ba na nadama ba. Na fara da abin da mutumin ya ce, ba ƙari ba ragi. Sannan na nuna wurare biyu da maganarsa ta ci karo da kanta, da wanda ba a ji ta bakinsa ba. Malama ta karanta sau biyu, ta miƙa wa Firinsifal ba ta dube ni ba. Hukunci ya fito: sifiri a sharhin farko, mako biyu ina yankan ciyawa, sunana ya zauna. Ina tattara jaka na hango ta ta fita ƙofa da takardar a hannu, ta tsaya a kan Bappa suna magana.

A hanyar komawa na yi abin da ba a yi, na wuce gabansa ina tafiya, shi yana baya da sanda. Sai a gadar Mayo Gwoi ya kira ni, ɓingel, wato yarinya, yadda yake kirana tun ina ƙarama. Na tsaya ban juyo ba.

"Da ka ce nawa ne duka, wa zai sani?" na ce. "Saura kaɗan ka kai ni kasuwa."

Ya iso ya dafa ƙarfen gada yana haki, kwat ɗin ya jiƙe sharkaf.

"Da na ce naki ne, da yau kin san ina iya ƙarya. Daga nan duk abin da na gaya miki a kan aikinki, sai ki ce Bappa ne kawai yake lallashina." Ya numfasa. "Na sa malamar ta karanta min abin da kika rubuta yanzu. Ban sami inda zan kama ki ba. Yana da kyau."

Shekara biyar ina zama a gabansa, ranar ce ta farko da ya ce wani abu nawa yana da kyau, kuma na san ba don ya sanyaya min rai ya faɗa ba. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, amma haushi ya fi ƙarfin bakina. Na gyara jaka na yi gaba, na bar shi a kan gada.

Na zana jarrabawa na ci, na tafi kwalejin horon malamai. Ina zuwa gaishe shi da salla, in durƙusa, ya tambayi karatu in ce lafiya, ya ce lafiya ta wace iri, in yi murmushi in shige wurin Dada. Ban sake kai masa littafi ba. Da farko fushi ne, daga baya kunya, daga baya kuma sai na riƙa cewa in na fara koyarwa zan kawo masa aikin ɗalibaina mu zauna a gindin mangwaro in faɗa masa. Saura wata biyu in gama aka aiko in zo gida.

Ya Ubangiji, kai da kake jin kowane harshe ba tare da tafinta ba, ka saurari bawanka da rahama, ka yafe masa, ka haskaka makwancinsa, ka ba Dada haƙuri. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa Bappa ya tafi bai yarda da kowa ba. Ni ya yarda da ni sau ɗaya, a kan gada, da rana tsaka, ban ko ce masa na gode ba.